Ta yaya aka san nisan taurari alhali ba wanda ya taɓa zuwa can?

Tambaya: Malam, ina karantawa cewa tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, cewa hasken wasu taurari yakan yi dubban shekaru kafin ya iso mu, har shekarun sararin samaniya gaba ɗaya ana faɗi. To ba wanda ya je rana, balle tauraro. Ta yaya aka san waɗannan alƙaluma, ko dai kintace ne? Sannan a bambance mini tauraro da duniya da abin da ake kira galaksi, domin duk sun cakuɗe mini.

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi tambayar da ta dace, kuma ni na fi jin daɗin ɗalibin da zai tsaya ya ce "ta yaya aka sani" a kan wanda zai haddace alƙaluma ya wuce. Awo ne aka yi. An fara da abin da ke kusa, aka taka wannan awon aka auna abin da ke gaba da shi, aka sake takawa aka ƙara gaba. Masu fannin da kansu tsani suke kiran tsarin, domin kowane mataki a kan na ƙasa da shi yake tsaye. Kayan aikin kuwa, tun farko har yau, lissafin kusurwa ne da hasken da ke iso mana daga sama. Amma bari mu fara raba abubuwan da suka cakuɗe maka, in ba haka ba bayanin awon ba zai zauna ba.

Tauraro ƙaton curi ne na iskar gas mai tsananin zafi, wanda yake samar da haskensa da kansa. Rana ma tauraruwa ce irin waɗanda kake gani da dare, kusancinta da mu ne ya sa ta yi girma ta dusashe sauran. Duniya kuwa ba ta da hasken kanta. Zagaya tauraro take yi, abin da ya faɗo mata na haskensa shi take mayarwa. Guda 8 ne ke zagaya ranarmu. Huɗu na kusa ƙanana ne na dutse: Uɗaridu, Zuhura, tamu duniyar, da Mirrihi wadda aka fi sani yanzu da Mas. Huɗu na nesa manya ne na gas da ƙanƙara: Mushtari, Zuhalu mai zobba, Yuranus da Naftun. Wata shi ne abin da ke zagaya duniya, kuma ba mu kaɗai ke da shi ba.

Da ido ma kana iya bambance su. Tauraro yakan yi ta ƙyaftawa, saboda nisa ya mai da shi ɗigo guda, motsin iskar da ta lulluɓe duniyarmu yana girgiza haskensa. Duniya tana da ɗan faɗi ko da ido bai gane ba, shi ya sa haskenta ya fi tsayawa cik. In ka bi ta makonni za ka ga tana sauya wuri a tsakanin taurari, su kuwa suna riƙe da tsarinsu. Zara da ake gani bayan faɗuwar rana, da Gamzaki mai fitowa da asuba, duk duniyar Zuhura ce: in tana gabas da rana sai ta faɗi a bayanta, in tana yamma da ita sai ta riga ta fitowa.

Galaksi kuma taro ne na taurari da gas da ƙura waɗanda ƙarfin jawowa ya riƙe wuri ɗaya. Ranarmu ɗaya ce cikin taurari fiye da biliyan 100 na namu galaksin. Farin zirin nan mai kama da hazo da ke ratsa sama a dare mai duhu, galaksin ne muke kallo daga cikinsa. Taurarin da ido ke iya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya 'yan dubbai ne kawai, kuma duk na cikinsa ne. Sararin samaniya shi ne jimlar duka, biliyoyin galaksi da sararin da ke tsakaninsu. Nazarin waɗannan shi ne ilimin falaki, kuma ba abin da ya haɗa shi da duban taurari don faɗa wa mutum sa'arsa.

Matakin farko na tsanin ita ce duniyar da muke tsaye a kai. Wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masani mai suna Eratosthenes da ke Iskandariyya ta Misira ya samu labarin cewa a garin da yanzu ake kira Aswan, a ranar da yini ya fi tsawo a shekara, rana kan tsaya daidai tsakar ka, har sanda a tsaye ba ta yin inuwa. A Iskandariyya da ke arewa kuwa, a wannan lokacin sanda tana da inuwa. Ya auna kusurwarta ya samu digiri 7 da ɗan kai, wato kashi 1 cikin 50 na da'ira. Tun da rana tana da nisa ƙwarai, da a ce ƙasa shimfiɗe take da inuwar ta zo ɗaya a garuruwan biyu. Bambancin ya nuna cewa doron ƙasa ya lanƙwasa da kashi 1 cikin 50 na kewayensa a tsakaninsu. Sai ya ninka tazarar garuruwan sau 50, abin da ya samu bai yi nesa da kilomita 40,000 da muka sani yau ba. Bayan fiye da shekara 1,000, Abu Raihan al-Biruni ya bi wata hanya dabam: ya auna tsayin wani tsauni, ya hau kansa ya auna yadda ƙarshen gani ya sunkuya ƙasa, lissafi ya ba shi girman duniya kusa da wancan. Ka riƙe wannan da kyau. A fannin nan ba a sakin jiki da alƙalami sai an bi hanyoyin da ba su dogara da juna ba an haɗu wuri ɗaya.

Mataki na biyu yana bukatar dabarar da za ka iya gwadawa yanzu. Miƙe hannunka, ɗaga babban yatsa, rufe ido ɗaya ka dubi abin da ke bayan yatsan can nesa, sannan ka sauya ido. Za ka ga yatsan ya yi tsalle. Matso da shi kusa da fuska tsallen ya ƙaru, nesanta shi ya ragu. Idanunka biyu da yatsan sun yi alwatika, kuma in ka san tazarar da ke tsakanin idanun, ka auna kusurwar tsallen, lissafin sakandare ya isa ya ba ka nisan yatsan. Wajen auna wata, maimakon ido biyu sai mutum biyu su tsaya a wurare masu nisa a doron ƙasa, su dube shi lokaci guda, kowa ya rubuta inda ya gan shi a tsakanin taurari. Tun da an san girman duniya, an san tazarar masu kallon. Girkawan da sun samu cewa nisan wata ya kai wajen ninki 60 na rabin faɗin duniya, kuma sun yi daidai: kilomita 384,000 ne a matsakaici. A 1969 'yan sama jannatin Apollo 11 sun ajiye madubi na musamman a doron wata. Har yau ana harba hasken leza daga ƙasa ya daki madubin ya dawo cikin daƙiƙa 2 da rabi, kuma awon ya yi kyau har an gano wata yana nisantar mu da kusan santimita 4 a shekara.

Rana ta ba masana wahala ƙarni da yawa, domin faɗin duniya ya yi kaɗan a ga tsallenta sosai, ga shi haskenta yana ɓoye taurarin da za a gwada da su. Mafita ta zo ta wata ƙofa. Johannes Kepler, bayan shekaru yana nazarin awon da Tycho Brahe ya tara, ya bayyana a 1619 cewa akwai ƙa'ida tsakanin lokacin da duniya ke ɗauka ta zagaya rana da nisanta daga rana. Ɗauki nisanmu da rana a matsayin 1, shekararmu ma 1. Mushtari tana gama zagayenta cikin shekara 11.86, wannan kallo da haƙuri sun isa a ƙirga shi. Ninka 11.86 da kanta, za ka samu kusan 141. Yanzu nemi lambar da in ka jera ta sau uku ka ninka za ta ba da 141: 5.2 × 5.2 × 5.2. Ke nan Mushtari ta ninka mu nisa daga rana sau 5.2. Ta haka aka samu taswirar duniyoyin duka, kowacce a mazauninta, sai dai ba a san kilomita nawa ne wannan 1 ɗin ba. Da za a samu nisa guda ɗaya tak a kilomita, sauran duk sun fito.

A 1672 Giovanni Cassini a birnin Faris da Jean Richer a Kayen ta Kudancin Amurka suka dubi Mirrihi lokaci guda, suka auna tsallenta, lissafi ya ba da wajen kilomita miliyan 140 tsakaninmu da rana. A 1761 da 1769 aka baza masana sassan duniya su kalli Zuhura tana ratsa fuskar rana, awon ya ƙara matsowa. A 1961 aka harba siginar rada zuwa Zuhura aka ƙirga lokacin da ta ɗauka ta dawo, daga nan magana ta zauna: kilomita miliyan 149.6, wanda ake cikewa a ce 150.

Da nisa ya samu, sauran sai suka biyo. Faɗin rana a ido rabin digiri ne, a wannan nisan kuwa hakan na nufin ta ninka duniya faɗi sau 109. Wata ma rabin digiri ne a ido, domin rana ta fi shi faɗi wajen sau 400 kuma ta fi shi nisa wajen sau 400, shi ya sa yake iya rufe ta ruf a lokacin husufi. Ƙa'idar jawowa da Niyuton ya fitar a 1687 ta ba da nauyinta daga yadda muke zagaya ta da gudun kilomita 30 a daƙiƙa: ta ninka duniya nauyi sau 333,000.

Kana iya cewa, wa ya tabbatar ƙa'idar Niyuton tana aiki a can nesa? Labarin Naftun shi ne amsar da na fi so. Bayan an gano Yuranus a 1781, an lura tana ɗan kaucewa daga hanyar da lissafi ya zana mata. Urbain Le Verrier a Faransa ya ce lalle akwai wata duniya da ba a gani ba tana jan ta. Ya lissafa inda za ta kasance, ya aika wasiƙa Balin. A daren da wasiƙar ta isa, cikin Satumba 1846, Johann Galle ya juya na'urar hangen nesa wurin, ya ga Naftun cikin tazarar digiri 1 daga inda aka ce. Kintace ba ya yin haka.

Kafin mu kai ga taurari sai mun yi maganar gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa. Ole Rømer na Denmak ne ya fara nunawa a 1676 cewa haske yana ɗaukar lokaci, da ya lura husufin wani watan Mushtari yana makara in mun yi nesa da ita, yana riga lokaci in mun matso. Daga baya an auna gudun a nan ƙasa da na'urori. Hasken rana yana iso mu cikin minti 8 da daƙiƙa 20. Tafiyar da haske ke yi cikin shekara guda, kusan kilomita tiriliyan 9.5, ita ake kira shekarar haske, kuma awon nisa ce duk da akwai shekara a sunan.

To, ga taurari faɗin duniya bai isa ba ko kaɗan, amma muna da tazara mafi girma kyauta, wato zagayen da muke yi wa rana. Ka dubi tauraro yau, ka sake dubansa bayan wata 6 lokacin da duniya ta koma ɗaya ɓangaren, wuraren kallonka biyu sun zama kilomita miliyan 300 tsakani. Duk da haka tsallen ƙanƙane ne ƙwarai. Raba digiri 1 gida 3,600, tsallen tauraro mafi kusa bai cika gida 2 ba. Shi ya sa magabata ba su gan shi ba, har Tycho Brahe ya kafa hujja da rashin ganinsa cewa duniya ba ta motsi. Hujjarsa mai ma'ana ce, girman nisan ne ya wuce abin da ya zata. Sai a 1838 Bajamushe Friedrich Bessel ya iya auna tsallen tauraron 61 Cygni, ya samu kusan shekarar haske 10, awon yau kuwa 11 da ɗoriya.

Tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, shekarar haske 4.2 ne. Shi'ira, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, 8.6 ne. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa, amma sai ya yi fiye da shekara 70,000 kafin ya ci tazarar tauraro mafi kusa. Kumbon Gaia da Turai ta harba a 2013 ya auna wannan tsallen ga taurari fiye da biliyan 1. Kuma tun da haske yana ɗaukar lokaci, duk abin da ka gani a sama yadda yake a da kake ganinsa: rana yadda take minti 8 da suka wuce, Shi'ira yadda yake kusan shekara 9 da suka wuce.

Nisa ka tambaya, amma na san abin da ke biye, wato ta yaya aka san abin da ke cikinsu. Nan ne fannin ya fi burge ni. In hasken rana ya ratsa gilashi mai kusurwa uku yakan warwatsu zuwa launukan bakan gizo, daga ja mai dogon zango zuwa shuɗi mai gajeren zango (haske kamar igiyar ruwa yake tafiya, zango shi ne tazarar da ke tsakanin tudun igiya da na gabansa). A 1814 Joseph Fraunhofer ya duba launukan da kyau, ya ga ɗaruruwan siraran layuka baƙaƙe a cikinsu. A 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka gano dalili: kowane sinadari yana shanye haske ko ya fitar da shi a wasu zanguna nasa shi kaɗai. Ka ƙona sodiyom a ɗakin gwaji, za ka ga layukansa biyu a cikin launin ruwan ɗorawa. Ka dubi hasken rana ka ga layukan nan biyu a daidai wurin, ka san akwai sodiyom a rana. A 1868 aka ga wani layi a hasken rana da bai dace da kowane sinadari da aka sani ba, aka sa masa suna hiliyom, kuma sai a 1895 aka same shi a nan duniya. A 1925 Cecilia Payne ta nuna da waɗannan layuka cewa galibin jikin taurari haidurojin ne da hiliyom, saɓanin abin da manyan masanan lokacin suka ɗauka.

Launin tauraro yana faɗin zafinsa. Jajaye irin Betelgeuse sun fi sanyi, wajen digiri 3,500 a fuskarsu, rana 5,500, masu shuɗi-shuɗi irin Rigel sun haura 10,000. Layukan kuma suna faɗin motsi: in tauraro yana nisantar mu duk layukansa sukan gusa wajen ja, in yana matsowa su gusa wajen shuɗi, kuma girman gusawar shi ne gudunsa. Da wannan ne Michel Mayor da Didier Queloz suka gano a 1995 wata duniya tana zagaya tauraro mai kama da rana, domin janta yana sa tauraron ɗan kai da komo. Yanzu an tabbatar da irinta fiye da 5,000.

Wutar rana kuwa daga tsakiyarta take, inda zafi ya kai digiri miliyan 15, matsi ya sa haidurojin yana haɗewa ya zama hiliyom. Kowace daƙiƙa wajen tan miliyan 600 na haidurojin ke sauyawa, wajen tan miliyan 4 daga ciki ya koma makamashi. Wannan haɗewa tana fitar da wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira niyutirino, kuma an kama su a na'urorin da aka binne a ƙarƙashin ƙasa, shaida ce kai tsaye daga cikin rana. Shekarunta biliyan 4.6, an samo shi ne daga duwatsun da ke faɗowa daga sama, ta hanyar auna sinadaran da ke rikiɗewa a cikinsu bisa sanannen lokaci.

Awon tsalle yana da iyaka, in nisa ya yi yawa tsallen yakan nutse cikin kuskuren na'ura. Mataki na gaba ya dogara da wata ƙa'ida: ninka nisan abu mai haske sau 2, haskensa ya koma kashi 1 cikin 4, sau 10 ya koma kashi 1 cikin 100. In ka san ainihin ƙarfin hasken tauraro, ka auna abin da ya iso gare ka, nisa ya fito. Matsalar ita ce sanin ainihin ƙarfin, kuma Henrietta Leavitt, ma'aikaciya a cibiyar falaki ta Harvard, ita ta warware ta. Ta yi shekaru tana duba hotunan wani gungun taurari na sararin kudu, Ƙaramin Gajimaren Magellan. A cikinsa akwai taurarin da ake kira Sefid, haskensu yana ƙaruwa yana raguwa a kan tsayayyen lokaci, wasu kwanaki, wasu makonni. Tun da duk gungu ɗaya suke, nisansu kusan ɗaya ne, saboda haka wanda ya fi haske a hoto shi ya fi haske a zahiri. A 1912 ta nuna cewa gwargwadon tsawon lokacin da tauraron ke ɗauka ya haskaka ya dusashe, gwargwadon ƙarfin haskensa. Da aka samu nisan wasu Sefid na kusa da mu, sai ya zama duk inda aka hango irinsu, ƙirga kwanakinsu ya isa a san ƙarfinsu, daga nan a san nisansu.

Akwai wani ɗan hazo a sama da ido ke iya gani a dare mai duhu, Andromeda, wanda Abdurrahman al-Sufi ya siffanta shi da ƙaramin gajimare tun a 964. Har farkon ƙarni na 20 masana suna jayayya ko a cikin galaksinmu yake. A 1923 Edwin Hubble, da na'ura mai madubin mita 2.5 a Dutsen Wilson na Kaliforniya, ya gano Sefid a cikinsa, lissafi ya nuna ya yi nisan da ba zai zama namu ba. Galaksi ne mai zaman kansa. Ina so ka san cewa alƙalamin da Hubble ya samu bai kai rabin na gaskiya ba. A 1952 Walter Baade ya nuna cewa Sefid iri biyu ne aka cakuɗa, aka gyara, nisan dukan galaksi ya ninka. Yau awon Andromeda shekarar haske miliyan 2.5 ne. Haka tsanin yake: kuskure a mataki ɗaya yana hawa duk na sama da shi, shi ya sa ake ta komawa ana sake duba na ƙasa.

Namu galaksin faɗinsa wajen shekarar haske 100,000 ne, rana tana wajen 26,000 daga tsakiyarsa, tana zagaya shi sau ɗaya cikin kusan shekara miliyan 230. A tsakiyar akwai baƙin rami, wurin da jawowa ta yi ƙarfin da ko haske ba ya kuɓuta. An san nauyinsa ya kai rana miliyan 4 ta hanyar bin taurarin da ke zagaya shi, ɗayansu yana gama zagaye cikin shekara 16, da ƙa'idar nan dai ta Kepler da Niyuton. A can nesa inda Sefid ba sa ganuwa, ana amfani da wani nau'in fashewar tauraro wanda ƙarfin haskensa kusan ɗaya ne ko'ina, an kuma san ƙarfin ne daga waɗanda suka fashe a galaksin da Sefid suka riga suka ba da nisansu.

Saura shekarun sararin samaniya. Tun daga 1912 Vesto Slipher ya lura layukan hasken yawancin galaksi sun gusa wajen ja. Georges Lemaître na Beljiyam a 1927, da Hubble a 1929, suka haɗa wannan da nisa, suka ga galaksin da ya ninka wani nisa ya ninka shi gudun nisanta. Ma'anar ita ce sararin da ke tsakanin galaksi yana faɗaɗa, kuma mai kallo daga kowane galaksi haka zai ga saura suna nisantarsa, ba mu ne a tsakiya ba. Yanzu raba nisan kowane galaksi da gudunsa. Tun da mai ninkin nisa yana da ninkin gudu, amsar ɗaya za ta fito ga kowa, wajen shekara biliyan 14, lokacin da komai yake cunkushe da tsananin zafi.

In haka ne, ya kamata sauran wancan zafin ya wanzu ko'ina. An yi hasashen haka a 1948, kuma a 1965 Arno Penzias da Robert Wilson suka ba da labarin wata sigina da eriyarsu ke kamawa daga kowace fuska ta sama, dare da rana. Hasken da ya kuɓuta ne lokacin da sarari yake da shekara 380,000, faɗaɗawa ta miƙe zangonsa har ya huce zuwa digiri 270 ƙasa da sifili. Kumbon Planck ya auna shi dalla-dalla, daga nan aka samu shekara biliyan 13.8. Taurari mafi tsufa, waɗanda ake lissafa shekarunsu ta hanyar da ba ruwanta da wannan, suna faɗawa tsakanin biliyan 12 da 13. Lissafin wancan zafi na farko ya ce kusan kashi 1 cikin 4 na nauyin gas zai zama hiliyom, kuma haka ake samu. Awon yana bayanin yadda abin ya faɗaɗa ya huce ne daga wancan hali, nan aikinsa ya tsaya.

Wannan awo ne kuma ya tono abin da ido ba ya gani. A shekarun 1970 Vera Rubin ta nuna taurarin gefen galaksi suna gudun da ya fi ƙarfin jawowar abin da ake gani, alamar akwai nauyi mai yawa da ba ya ba da haske. A 1998 ƙungiyoyi biyu, kowacce da nata awon fashewar taurari, suka gano faɗaɗawar ƙara gudu take yi. A lissafin yau, taurari da duniyoyi da gas duka wajen kashi 5 cikin 100 ne na abin da ke akwai.

Akwai wurin da hanyoyi biyu ba su gama haɗuwa ba, kuma a kansa ake aiki yanzu. Masu hawa tsanin Sefid da fashewar taurari suna samun cewa duk ƙarin nisan shekarar haske miliyan 3.26 yana ƙara gudun nisanta da wajen kilomita 73 a daƙiƙa. Masu lissafi daga wancan tsohon haske suna samun wajen 67. Tazarar ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, amma ta fi kuskuren da kowane ɓangare ke ɗora wa awonsa. An yi zaton ko hasken taurarin da ke maƙwabtaka da Sefid ne yake cakuɗuwa da nasu a hoto. Na'urar James Webb, mai madubin mita 6.5, wadda aka harba a Disamba 2021, ta sake duba waɗannan Sefid da ido mafi kaifi, awonta ya zo daidai da na baya. Yanzu wasu masana suna gwada wasu nau'o'in taurari a madadin Sefid, irin jajayen manyan taurari da suka kai ƙololuwar haskensu, wasu kuma suna sake bin lissafin farkon sarari ko akwai abin da ba a sa a ciki ba.